Kurajen fuska sun hana ni sakat, dan Allah ku ba ni shawara

Mai tambaya: Salam 'yan uwa. Shekarata 24, tun ina sakandare nake da kurajen fuska amma da ƙanana ne suna zuwa suna tafiya, yanzu kusan wata 5 abin ya canza, manya manya masu zafi a haɓa da gefen muƙamuƙi musamman in al'adata ta kusa, in sun warke su bar min baƙin tabo. Ƙawata ta ba ni wani ɗan man shafawa, sati biyun farko wallahi fuskata ta yi sumul har ana tambayata me nake shafawa, ina dainawa suka dawo ninkin ba ninkin, fatar kuma raɗaɗi take min in na shiga rana. Na shafa lemon tsami, na shafa man goge baki, ina wanke fuska kamar sau 5 a rana. Me zan yi?

Uwar Biyu: Wa alaikissalam ƙanwata. Kafin komai ɗauko man nan ki karanta jikin kwalin. In kin ga kulobetasol ko betametason to sitiroid ne, wato magani mai ƙarfi na rage kumburi, shi ya sa ya kwantar da kumburin da wuri, amma ba maganin kuraje ba ne, ƙara su ma yake yi kuma yana sirantar da fata. Ni ma na faɗa wannan tarkon, sai da jijiyoyi suka fara nunawa a kumatuna na farga.

Mai tambaya: Innalillahi, na duba, kulobetasol ne a jiki. Kusan wata 2 na yi ina shafawa.

Anti Nas: To kar ki koma masa ko da fuskar ta yi bore, dama tana yin haka in an daina, in raɗaɗin ya yi yawa ki ga likita ya nuna miki yadda za ki bi. Kuma ki cire a ranki cewa datti ne. Akwai ƙananan ƙofofi a fata inda maiƙo ke fitowa, in maiƙon ya yi yawa ya haɗu da matacciyar fata sai ƙofar ta toshe, ƙwayar cutar da dama can tana zaune a fatar kowa sai ta samu wurin hayayyafa, wurin ya kumbura ya yi ja. Baƙin kan nan da ake gani a hanci ma ba ƙazanta ba ce, iska ce ta taɓa abin da ya toshe ƙofar ya yi duhu. Wanki sau 5 ɗin nan fatarki kawai kike wahalarwa, sau 2 ya isa, safe da dare, da sabulu mara ƙarfi, da hannu ba da soso ba. Ki nemi maganin shafawa na kuraje benzoyil feroksaid mai kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari, na safe, ki fara kaɗan kaɗan rana ɗaya ki tsallake ɗaya don yana busar da fata, ki bi da mai mara maiƙo. Ki kula yana cin kalar kaya, ni tawul ɗina shuɗi da rigar filo ya mayar min da su dabbare-dabbare. Da dare kuma adafalin, shi ma na shafawa ne, gwargwadon ƙwayar wake ɗaya ki baza a duk inda suke fitowa, ba kan ƙurjin kaɗai ba. Babban abin shi ne haƙuri, sai an yi sati 6 zuwa 8 ake fara ganin canji, wani sai wata 3, a farko ma yana iya zama kamar ƙaruwa suke. Nan yawanci ake jefar da magani a koma wani, shekara ta zagayo ana nan jiya i yau.

Ɗan Baba: Ni fa ban sha wahalar nan ba, ina kai 22 suka tafi da kansu. Ki bar su kawai.

Anti Nas: Ɗan Baba naka na balaga ne. Nata a haɓa suke, suna bin al'ada, suna barin tabo, irin wannan a mata yana iya kaiwa shekara 30 da wani abu. Ƙanwata in al'adarki tana rikicewa ko gashi na fito miki a haɓa ki gaya wa likita a duba homon ɗinki, wato sinadaran jiki masu tafiyar da al'ada. Af, na manta, in kina da ciki ko kina nema kar ki taɓa adafalin, balle ƙwayar maganin kuraje aisotiretinoyin, wannan tana nakasa jariri, sai da kulawar likitan fata ake shan ta.

Yayarku: Ba wanda ya tambaye ta ko tana matsewa 😂 Faɗi gaskiya.

Mai tambaya: Yaya ina yi kam, in na ga farin kai hannuna har ƙaiƙayi yake.

Yayarku: To rabin tabon nan aikin farcenki ne. Mu masu duhun fata duk inda ya kumbura sai ya bar baƙi, ƙurjin ya warke a sati ɗaya tabon ya yi watanni, rana kuma tana ƙara masa duhu, don haka man kariyar rana kullum da safe. Lemon tsami da man goge baki ƙona fata suke. Ki lura da man gashi ma kar ya riƙa gangarowa goshinki. In kin cika wata 3 ba canji, ko masu zurfin nan masu kama da maruru suna ƙaruwa, kar ki jira su yi miki ramuka, tabo mai rami ya fi ƙurjin wuyar gyara.

Mai tambaya: Na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Na jefar da man ƙawata a shara yanzu. Anti Nas, benzoyil da adafalin ɗin tare zan fara ko ɗaya bayan ɗaya?

Anti Nas: Ɗaya bayan ɗaya, kuma ba yau ba. Bari raɗaɗin ya lafa tukuna, sai ki fara da na safen, bayan sati 2 ki ƙara na daren.