Takarda ce ke hana ɗan lajna cin amana, ko kunya?

Kawu Idi: Salamu alaikum. Na ji matasa na son a rubuta wa 'yan lajna, wato kwamitin unguwa, ƙa'idojin aiki, su sa hannu, a kai mahaliyya, wato ƙaramar hukuma. Ni ban ga amfaninsa ba. Wanda bai ji tsoron Allah ba, bai ji kunyar maƙwabci ba, takarda ba za ta tsare shi ba. Da wace takarda iyayenmu suka riƙe jama'a a garin Mai Wurno, nan Sudan?

Rabi: Wa alaikumus salam, Kawu. Allah ya ƙara girma, lokacin kowa ya san gidan uban kowa. Da birnin Madani ya faɗi hannun dakarun RSF a Disambar 2023, garin Gadarif ya cika da baƙi, har a makarantu aka riƙa kwana. Wa ke jin kunyar wanda bai sani ba?

Malam Sani: Kada a yi saurin ture maganar Kawu. Lijan sha'abiyya, kwamitocin unguwa na zamanin Shugaba Bashir, ai ba doka suka rasa ba. An rushe su a 2019, aka kawo lajnonin canji da hidima, ƙorafin rabon burodi da gas bai ƙare ba.

Musa: Kawu, a gafarce ni, ni na zauna a lajna. Ana gobe rabon dawa gwaggona ta zo bayan isha'i, ta zauna bakin tabarma, ta ce in sa sunan 'ya'yanta biyu da ke Saudiyya. Kunyar nan ce ta sa na rubuta. Washegari wata mata mai goyo ta tsaya tun hantsi har azahar, ta naɗe buhunta wayam ta tafi. Har yau abin na cina. Da akwai ƙa'idar cewa ɗan lajna ba ya rubuta danginsa da hannunsa, kuma a manna sunaye a bangon masallaci, da na nuna wa Gwaggo na ce abin ya fi ƙarfina.

Kawu Idi: Subhanallahi. Ɗana, wannan rauninka ne, kada ka ɗora wa kunya. Kuma manna sunaye tonon asiri ne. Akwai magidancin da gara ya kwana da yunwa da a karanta sunansa a bango.

Rabi: Nan kam na bi Kawu. A manna yawan buhunan da suka shigo da waɗanda suka fita, sunaye su zauna hannun liman da dattawa biyu da ba 'yan lajna ba.

Malam Sani: In mutum ya karya fa, wa zai cire shi? Mu ko mahaliyya?

Kawu Idi: Ku rubuto har da wannan, ku kawo min bayan Juma'a in duba. Ban ce na yarda ba.