Za mu yi awa shida a filin jirgin Addis Ababa, a zauna a ci abinci ko a riƙe guzuri?

Autan Hajiya:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema, zan raka mahaifiyata Umara wata mai kamawa, daga Kano za mu tashi mu sauka Addis sannan mu canza jirgi zuwa Jidda, a tikiti an rubuta wajen awa shida za mu jira. Hajiya tana da ciwon suga, in lokacin cin abincinta ya wuce sai ka ga jikinta na rawa, kuma ita abincin jirgi ba ya shigar mata sam. Akwai inda za mu zauna ta ci abu mai zafi a cikin filin? Kuma naman nasu ya halatta? Ban taɓa fita waje ba wallahi, abin yana damuna.

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Allah ya karɓi ibada, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ni hanyata ce wannan in za ni Guangzhou saro kaya. Akwai wuraren cin abinci a Bole, wato filin jirgin na Addis, da kujeru da tebur, a kawo maka har gabanka. Ka zaunar da ita ta ci, kar ka biye wa masu cewa asarar kuɗi ne. Eh da tsada, abin da za ka biya wa faranti ɗaya zai ciyar da ku biyu a Kano har da canji, amma awa shida kan kujerar ƙarfe ga dattijuwa ba wasa ba ne, ga garin nasu kan tsauni yake, da dare sanyi har ƙashi, ka fito mata da rigar sanyi da safa a jakar hannu.

Ka riƙe ƙananan dala, ɗai-ɗai da biyar-biyar. Na taɓa miƙa dala 50 a wani wajen suka haɗo min canji da birr ɗinsu, har yau suna nan cikin durowa ban san inda zan kashe su ba.

Maman Ummi:
Ƙanena batun nama ka yi tambaya da kyau. A Habasha mahautan Musulmi daban na Kirista daban, su kansu sun san da wannan, don haka in ka tambayi mai kawo abincin ba zai ji haushi ba. Ni dai don in huta da kokwanto shiro nake ci, miya ce mai kauri ta garin wake irin nasu, ana kawo ta tana tafasa a ɗan kasko, sai dai ka ce a yi maka ta azumi don wani lokacin suna sa nama ko man shanu. Kiristocinsu na azumin nama da madara ranar Laraba da Juma'a shi ya sa abincin ganye da wake ba ya yanke musu. In ka ce "beyaynetu" za su kawo babban faranti, injera a shimfiɗe an ɗora mata miya kala-kala, ga ta lentil (wani irin ƙananan wake) ja ga rawaya ga kabeji da karas ga ganye.

Amma fa injera tsami gare ta. Ka ɗauka sinasir ne da ya kwana ya yi tsami, ga laushi ga ƙananan huji a jiki. Ni ina sonta, surukata kuwa loma ɗaya ta yi ta ture faranti ta ce a nemo mata shayi da burodi. In Hajiya irin masu tuwo da miyar kuka ne kawai, ka tambayi shinkafa ko ƙwai tun farko kar ka biya kuɗi biyu. Kuma ka tambayi likitanta kafin ku tashi yadda za ta sha magani, don lokutan cin abincin duk za su sauya.

Malam na Gwammaja:
Abu ɗaya zan ƙara, agogo. Addis na gaban Najeriya da awa biyu, daidai take da Saudiyya. Da kun sauka ka gyara wayarka, ka nemo ƙofar jirginku ka gan ta da idonka, sannan ku je cin abinci. Ni na taɓa zama ina kurɓar bunarsu, wato gahawarsu mai daɗin nan, a ɗan kofi, ina kallon agogon hannuna da ke kan lokacin Kano, sai da wani bawan Allah ɗan Zinder ya taɓo ni ya ce Malam ba Jidda za ka ba? Da gudu na isa. Ku tashi daga tebur saura awa ɗaya da rabi, don akwai layin bincike kuma tafiyar tsohuwa sai a hankali. Ka nemar mata keken guragu tun daga Kano wajen ma'aikatan jirgi.

Autan Hajiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti Maman Ummi, na karanta wa Hajiya bayanin injera ta ce ita dai a zuba mata dambun nama da dabino a jaka, in ya so ta ɗanɗana shiron da shinkafa. Saura batun ruwan shan magani, za su bar mu mu wuce da gora ko sai mun saya a ciki?

Ɗan Kwari:
A ciki za ka saya, bayan kun wuce bincike. Duk ruwan da ya haura mililita 100 karɓewa suke yi. Maganin kuma ka bar shi cikin kwalinsa a jakar hannu tare da takardar likita, kar ka sa shi a babban akwati.