Sharhin talabijin ko na rediyo a gidan kallo?

Mai Janareto: Salamu alaikum. Ina da ɗan gidan kallo a ƙauyenmu, gefen Ringim, benci takwas da talabijin biyu. Rigimar murya ce ke neman raba min jama'a. Dattawa na so in kashe sautin talabijin in kunna sharhin Hausa na rediyo, samari kuwa sun ce in ba muryar Peter Drury, mai sharhin ƙwallo da Turanci a talabijin, a ba su kuɗinsu. Ranar Asabar na gwada rediyon, ashe yana riga hoton dish da 'yan daƙiƙoƙi. Ana shirin bugun kusurwa, mai sharhi har ya ce ta shiga raga. Wani ɗan Arsenal ya zabura ya kifar min da shayi a kan dikoda. Ku ya kuke yi?

Baba Tela: Ɗana, mutum nawa ne cikin yaran nan ke jin Turancin Drury? Ihun suke bi. Mu a rediyo muka bi wasan 1980 da Najeriya ta ci Aljeriya 3-0 a Legas, a ƙofar gidan mai unguwa, malamin firamare na fassara mana. Zamanin mai sharhin rediyo Ernest Okonkwo ke nan, wanda ya laƙaba wa kyaftin ɗin Najeriya na lokacin, Christian Chukwu, "Chairman". Irinsu ko makaho ya saurara sai ya ga fili. Na talabijin shiru yake yi, don ya san kana gani.

Sai Masu Gida: Baba, a gafarce ni, wasu masu sharhin namu son kai ya yi musu yawa. Ƙungiyarsa ta yi satar gida, sai ya ce alƙali ne bai da ido. Amma fa in Kano Pillars ke wasa a filin Sani Abacha, son kan nake so, kar a yi min adalci.

Malam na Gumel: Abin da ka faɗa shi Amurkawa suka mayar tsari a wasansu na besbol. Kowace ƙungiya da mai sharhinta, kuma kowa ya san na gida ne. Vin Scully ya shekara 67 yana yi wa ƙungiyar Dodgers sharhi, daga 1950 zuwa 2016, har jika ya gaji muryar da kakansa ya saba ji. Da ƙungiyar ta koma Los Angeles a 1958, 'yan kallo da ƙananan rediyonsu suke shiga fili, suna kallo suna sauraronsa. To Mai Janareto, dattawanka ba ƙauyanci suke yi ba. Tunda talabijin biyu gare ka, fitar da ɗaya rumfa ka ba su rediyonsu.

Mai Janareto: Malam, na gode, amma zana ce kawai tsakanin rumfar da ɗakin. Dattawa na yin shewa, samari sun san an ci.