Yaya ake mayar da hoton RAW zuwa zanen SVG?

Mai_Allo:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da hotuna biyu da na ɗauka da kyamarar Nikon a tsarin RAW, wato ɗanyen bayanin hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, wanda Nikon ke ajiyewa a fayilolin NEF. Ɗaya tambarin wata ƙungiya ne da aka zana da fenti mai launi uku a jikin allo, ɗayan kuma hoton fuskar shugabanta. Ana so a buga su a kan babban ƙyallen talla, mai bugawar kuma ya nemi SVG, wato fayil ɗin zane na layuka da siffofi. Na loda tambarin a wani shafi da ya ce yana yin wannan aiki, amma da na ƙara girman fayil ɗin da ya ba ni, sai gefen haruffan ya dusashe. Shin ba cewa aka yi SVG ba ya lalacewa komai girman da aka ja shi ba? Wace hanya ce ta dace?

Maihoto:
Wa alaikumus salam, Malam. Ina kyautata zaton shafin ya mayar da hotonka JPEG ko PNG ne kawai, sannan ya cusa shi cikin fayil mai sunan SVG, kamar a sa tsohuwar wasiƙa a sabuwar ambulan. Kana iya tabbatarwa da kanka, domin SVG rubutu ne zalla: buɗe shi da Notepad, idan ka ga kalmar base64 da dogon jerin haruffa marasa ma'ana, to hoto ne aka ɓoye a ciki, amma idan ka ga kalmar path tana maimaituwa tare da lambobi, zane ne na gaskiya.

Tushen matsalar shi ne RAW bai ma zama cikakken hoto ba tukuna. Bayanan haske ne da sensar kyamara ta tattara, inda kowane ɗigo yake ganin launi ɗaya kacal, ja ko kore ko shuɗi, ta cikin matatar Bayer wadda rabin ɗigoginta kore ne, kuma sai manhaja ta yi lissafi kafin ta cike sauran launukan. Shi kuwa SVG, wanda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da shi a 2001, umarni yake ajiyewa: fara layi daga nan, lanƙwasa shi zuwa can, cika tsakiyarsa da launi kaza. Saboda haka dole a fara fitar da hoton, sannan a bi sawun siffofinsa a zana su.

Hajiya_Mai_Zane:
Malam, aikin da ka yi kafin bin sawun shi ne zai nuna kyan sakamakon, kuma a nan RAW yake da amfani, tunda yana riƙe da bit 12 ko 14 a maimakon 8 na JPEG, wato matakan haske masu yawa fiye da na JPEG. Buɗe NEF ɗin da manhajar darktable ko RawTherapee, dukkansu kyauta ne. Daidaita karkatar allon har kusurwoyinsa su miƙe, rage ƙurar hoton, ƙara bambancin haske da duhu har filin allon da ke kewaye da tambarin ya zama launi ɗaya, yanke duk abin da ba tambari ba, sannan ka fitar da shi a PNG ko TIFF. Ka guji JPEG, domin matsewar da yake yi tana barin ƙananan tabo a gefen haruffa, manhajar bin sawu kuma ba ta bambanta tabo da zane.

Daga nan ka shigar da shi manhajar zane ta Inkscape ka zaɓi Trace Bitmap, wanda yake aiki da Potrace, manhajar bin sawu ta Peter Selinger. Potrace baƙi da fari kawai ya sani, shi ya sa Inkscape yake bin launuka ɗaya bayan ɗaya yana jera su bisa juna. Ka ba shi launi huɗu, uku na fenti da ɗaya na filin allon. Idan ka zarce haka, inuwa da sawun burushi za su fito a matsayin siffofi. Kada ka manta ka goge hoton asali da ke ƙarƙashin zanen kafin ka ajiye.

Injiniya_Ɗab'i:
Na yarda da Hajiya a kan tambarin, sai dai ni haruffan da hannu zan sake zana su da alƙalamin Bézier, wato kayan zana lanƙwasassun layuka na cikin manhajar, domin layin da na'ura ta bi yakan fito da ƙulle-ƙulle ɗaruruwa inda goma za su wadatar, kuma kowace rawar hannun mai fenti za ta bayyana a ƙyalle.

Hoton fuskar kuwa, ina roƙonka kada ka bi sawunsa. Launin fata yana sauyawa ne a hankali daga goshi zuwa kumatu, bin sawu kuma zai yayyanka shi falle-falle, idan kuma ka ƙara yawan launuka don gyarawa, fayil ɗin zai yi nauyin da zai wahalar da kwamfuta ba tare da ya kai kyan hoton asali ba. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da ɗigo 6000 a faɗi, waɗanda idan aka shimfiɗa su a mita 3 za a samu ɗigo 20 a kowace santimita, kuma hakan ya wadatar ga ƙyallen da ake kallo daga nesa. Ka ba mai bugawar fuskar a TIFF da tambarin a SVG, ko ka haɗa su cikin PDF guda, wanda yake ɗaukar nau'ukan biyu.