Dalar azurfa ta 1895, gaskiya ce ko jabu?

DanKawo:
Salam jama'a. Na daɗe ina tara tsoffin kuɗi, anini da kwabo mai huda da sule na zamanin Turawa, to jiya wani mutum ya kawo min dalar Amurka ta azurfa mai hoton mace, 1895, wai irin bugu na musamman ce mai ƙyalli kamar madubi, kuma yana da wani kwabon gwaji da ba a taɓa kashewa ba. Raina ya biya sosai wlh. Don Allah masana me zan duba?

Dattijon Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Yaro bi a hankali. Wannan ita ce dalar Morgan, an buga ta daga 1878 zuwa 1904 sai kuma 1921. Ta 1895 mai bugun madubi guda 880 kacal aka yi a Filadelfiya, yau kuɗinta dubban daloli ne masu yawa, ta ya za ta zo hannu haka ba takarda ba komai. Fara da sikelin masu gwal, ta gaske giram 26.73 ce, kashi 90 azurfa, kuma maganaɗisu baya kama ta. Sannan juya bayanta ka duba ƙasan mikiyar, in akwai harafin O ko S, alamar an buga ta a wani gari ne ba Filadelfiya ba, to ba ita bace, wasu ma kankare harafin suke yi su goge wajen.

DanKawo:
Na gode Baba. Kwabon gwajin fa?

Dattijon Tudun Wada:
Shi ya ma fi haɗari ɗana, domin kaɗan ake bugawa don hukuma ta ga zane ko ƙarfen kafin ta amince, misali Stella ta zinare mai dala 4 ta 1879, ba a taɓa sakinta kasuwa ba. In ba a cikin robar PCGS ko NGC yake ba, wato kamfanonin da ke tantance ingancin irin waɗannan kuɗi, mai lambar da zaka bincika a intanet, kar ka bada ko sisi.

'Yar Unguwar Rimi:
Ni roƙona malam ko me ka samu kar ka wanke shi da toka ko lemon tsami, gogewa na kashe darajarsa gaba ɗaya, abin na min ciwo in na gani. Kuma ka nemi dalar Mariya Tariza, wato tsohuwar dalar azurfa ta ƙasar Ostiriya da iyayenmu mata ke ratayawa a sarƙa, amma ka sani kusan duk 1780 ne a jikinsu ko da daga baya aka buga.