Wai da gaske a dutse ɗaya kacal wannan ƙudan yake a duk duniya?

Sadiq: Jama'a akwai wani ƙuda a Kenya, Mormotomyia hirsuta, shi kaɗai ne tilo a danginsa kaf. Jiki duk gashi buzu-buzu, fukafukan sun tsamure ko tashi ba ya iyawa. Kuma duk faɗin duniyar nan a tsagar dutse ɗaya yake, can Ukasi kan hanyar Garissa.

Maryam: Haba Yaya Sadiq, na ga hotonsa wlh wannan ai gizo-gizo ne

Malam Bala: A'a ƙanwata, ƙirga ƙafafun, shida ne, na gizo takwas. Kuma tsutsarsa a cikin kashin jemage take girma, ƙuda ne sak. Zancen dutse ɗayan ne dai ban yarda da shi ba.

Sadiq: Malam to a nan aka fara kama shi a 1933, aka sake a 1948, daga nan shiru kake ji masana suna ta zarya ba su ƙara ganinsa ba sai 2010, nan ma a wannan dutsen dai. Shekara 62 fa!

Malam Bala: Rashin gani ai ba shi ne babu ba. Abin nan can cikin tsaga yake zaune inda mutum ba ya iya kutsawa, sai an tafka ruwan sama ya wanko kashin jemagen waje sannan a gan shi, to in ka je da rani me za ka tarar? Kuma bayan 2010 Robert Copeland na ICIPE, cibiyar binciken ƙwari da ke Nairobi, da mutanensa sun same shi a duwatsun Ngauluka da Makilu, kusan kilomita 200 kudu da Ukasi.

Sadiq: Kilomita 200?? Abin da ba ya tashi, da ƙafa ya taka?

Hauwa: Ni a ganina jemagu ne suke kwasarsa, ya maƙale musu a jiki su sauke shi a wani kogon. Akwai wasu ƙudajen marasa fiffike da suke rayuwa a jikin jemage ai.

Maryam: Waɗancan jini suke sha Anti Hauwa, ƙirarsu daban ce, kar mu haɗa su

Hauwa: Na ji, amma ki faɗa min wata hanyar in ba jemagen ba.

Sadiq: Ko kuma da can yana ko'ina a yankin, ya ƙare ya bar 'yan tsiraru a duwatsu. In haka ne kuwa har yanzu abin tsoro ne, a kori jemagun wurare ukun nan shikenan dangi guda ya tafi.

Malam Bala: Uku da aka duba aka samu dai Sadiq. Duwatsu nawa ne a gabashin Kenya da ba wanda ya leƙa bayan ruwa?