Ribar turmin atamfa: kashi 25 ce ko kashi 20?

Ɗaliba: Salamu alaikum yayyena, dan Allah ku raba min gardama. An ba mu asaimen a akawuntin, wai ɗan kasuwa ya saro turmin atamfa 8,000 ya sayar 10,000, a fitar da ribar cikin ɗari. Na rubuta kashi 25, malam ya kafta min jan biro ya ce 20 ne, wallahi tun jiya abin ke cina.

Alhajin Kwari: 'Yata ke ce da gaskiya. Na zuba dubu takwas ta haifo min dubu biyu, biyu cikin takwas ai rubu'i ne, kashi 25 kenan. Tun ina yaron shago a Kantin Kwari haka muke yi, riba a kan uwar kuɗi ake auna ta.

Malamin lissafi: Haka muke koyarwa a sakandare ma Alhaji, riba a raba da kuɗin saye a ninka da 100. A lissafin WAEC in aka ce ribar cikin ɗari kawai ba a ƙara komai ba, 25 ce amsa.

Akanta: Malam a yi haƙuri, ta ce fa akawuntin ne ba lissafi ba. Ƙanwata koma ki duba takardar, wace kalma aka sa, makof ko majin?

Ɗaliba: Yaya, majin aka rubuta, ni na ɗauka duk ɗaya ne

Akanta: To malaminku bai zalunce ki ba. Makof shi ne riba a kan kuɗin saye, 2,000 cikin 8,000, kashi 25. Majin kuma riba a kan kuɗin sayarwa, 2,000 cikin 10,000, kashi 20. Ki riƙe wannan, in makof ɗaya bisa huɗu ne majin ɗaya bisa biyar ne, in ɗaya bisa uku ne ya koma ɗaya bisa huɗu, ɗaya kawai za ki ƙara a lambar ƙasa.

Alhajin Kwari: Ni dai ban ga amfanin auna riba da kuɗin da ba nawa na zuba ba, wahalar da yara kawai ake yi.

Akanta: Ranka ya daɗe akwai amfani, kuma a shagonka ma yake. Ka ce ribarka 25 ce, to a ce sallah ta wuce kaya sun kwanta, ka ce wa yaronka ya yi ragin kashi 25 ko uwar kuɗi a mayar, shi kuma a kan 10,000 ɗin da ake faɗa wa kwastoma zai cire, 2,500 kenan, ya sayar 7,500, ka ga ka faɗi 500 a kowane turmi kana zaton kun tashi ba ci ba faɗuwa, in dila guda ce kuwa lissafa da kanka. Iyakar ragin da za ka iya yi ba ka taɓa jari ba kashi 20 ne, wato majin ɗin nan da ka raina.

Malamin lissafi: Wannan kam gaskiya ne, na buga ya fito 7,500. Amma har yanzu ina nan a kan cewa in ba a ambaci majin ba, kuɗin saye ake bi.

Alhajin Kwari: Mu ai ba ma ragi da kashi, da naira muke yi, in ce cire ɗari biyar a wuce wajen. Kuma duk ku biyun kun manta kuɗin dako da hayar shago da sallamar yara, dubu biyun nan ba duka ke shiga aljihu ba.

Akanta: Shi ya sa muke raba ribar farko da ribar da ta rage bayan an cire ɗawainiya, ita ma da kuɗin ciniki ake auna ta, don haya da dako daga cinikin ake biyansu.

Ɗaliba: To Yaya in ina son majin ɗin ya kai 25 cif, nawa zan sayar?

Akanta: Raba 8,000 da 0.75, zai ba ki wajen 10,667. Gwada ki gani.

Alhajin Kwari: 10,667 a layinmu? Hajiya za ta ajiye miki shi ta shiga shagon gaba.